Tambayi Rewaya: Kyamarar Gilashin Gaba da Allon Mota

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo mini a wannan watan, kusan rabinsu a kan kyamarar nan ce da ake liƙawa a gilashin gaba, wadda ke ɗaukar hanya muddin mota tana tafiya. Yawancinku abu ɗaya kuke so: hotonta ya riƙa fitowa a allon da ke jikin dashbod. Na zaɓi shida da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Oga, Corolla ce gare ni ƙirar 2015, 'yar Amurka. Tana da allonta na kamfani da ke nuna mini baya idan na sa ribas. Ƙanena ya aiko mini da kyamarar gilashin gaba, ina so hotonta ya riƙa fitowa a babban allon. Wani rewaya a unguwarmu ya ce aikin minti talatin ne, zai fere wayoyin bayan rediyo ya jona. In ba shi?
*Malamin makaranta, Zariya*

Malam, dakata tukuna, kada ka ba shi makullin.

Allon motarka ba kamar talabijin ɗin falo ba ne, mai ramuka uku ko huɗu da za ka soka abin da ka ga dama. Ƙofar hoto guda ɗaya kamfani ya yi masa, kuma kyamarar baya ta riga ta tsaya a bakinta. Ƙofar ba ta buɗewa sai ka sa giyar ribas, lokacin ne wata siririyar waya take kai wa rediyon saƙo, shi kuma ya ajiye abin da yake nunawa ya juya ga kyamarar. Ka cire ribas, ƙofa ta rufe. Ramin USB ɗin da kake gani kusa da giya kuwa na sauti ne da cajin waya. Ko ka soka kyamarar a can, iyakarta ta sami wuta, allon ba zai san da zuwanta ba.

Abin da rewayan yake shirin yi na san shi, domin ni ma na yi shi a shekarun baya kafin in gane illarsa. Zai yanke wayar hoton kyamarar baya ya ɗaura ta gaba a kai, sannan ya sa maka wani ɗan makunni da zai yaudari rediyon ya ɗauka kana ribas. Wani lokaci yana yi. Amma ga abin da ba a faɗa wa mai mota. Kyamarar baya ta Toyota irin taka da bolt 6 take aiki, rediyon ne ke ba ta, alhali sauran wutar mota bolt 12 ce. Wanda bai san wannan ba ya taɓa mata 12, ta ƙone nan take, kuma ta kamfani ba ta da araha ko a Ƙofar Ruwa. Na biyu, idan aka tura wuta a wayar ribas ba tare da an sa abin da zai hana ta komawa baya ba, fitilun ribas ɗinka za su iya kamawa kana tsakiyar gudu a titi, na bayanka ya rikice. Na uku, wayar da aka fere aka naɗe da baƙin tef, zafin Afrilu ɗaya ya isa ya saki tef ɗin.

Kafin komai, ɗauki kyamarar ka juya ta. Nemi wani ɗan rami kamar na abin sauraro na kunne, an rubuta AV ko AV OUT a gefensa. Idan babu shi, magana ta ƙare, domin kyamarar ba ta da hanyar fitar da hoto ta waya, kuma yawancin sababbin da ake yi yanzu ba su da shi. Idan akwai, to ana sayar da wani ƙaramin akwati da aka yi wa Toyota musamman, mai soket irin na kamfani a gefe biyu. Za a zare soket ɗin bayan rediyo a sa shi a tsakani, ba a yanke ko waya ɗaya ba. Yana karɓar kyamara biyu, ribas ya ci gaba da aikinsa, ta gaba kuma sai ka danna maɓalli. Ranar da za ka sayar da motar a cire shi, komai ya koma yadda yake. Sai ka shiga saitin kyamarar, wajen tsarin hoto inda za ka ga NTSC da PAL, ka zaɓi NTSC, domin shi motocin Amurka suke ji. Idan ka bar ta a PAL, hoton zai riƙa birgima ko ya fito ba kala, ko allon ya yi baƙi gaba ɗaya.

Amma Malam, ina so ka san abin da za ka samu bayan duk wannan ɗawainiya. Hoton da ke bi ta wayar AV ɗin, mai kai ruwan ɗorawa, tsohon yayi ne, layi 480 kacal, ko da kyamararka tana ɗaukar 1080 a cikin katinta. A allon zai fito dishi-dishi, lambar motar gabanka ma da ƙyar za ka karanta. Sannan me zai nuna maka? Hanyar da idonka ke kallo ta gilashi, tangaran. Kamfanonin mota da gangan suke kulle bidiyo a allon gaba idan mota tana tafiya. Wanda ke gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya da ya sauke ido kan allo, motar ta ci kusan mita 28 ba tare da mai kallon hanya ba. A hanyar Zariya zuwa Kano, da awaki da 'yan acaɓa da masu tsallaka titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni da motata ce, sai in bar allon kamfani da aikinsa, in liƙa kyamarar a bayan madubin tsakiya inda ba za ta tare mini gani ba, in kashe kuɗin akwatin a kan katin memori mai kyau. Dalilin yana cikin amsar tambaya ta biyar.

Na cire rediyon Honda EOD ɗina na sa babban allon Android irin na China. Mai shagon ya haɗa mini da wata 'yar kyamara mai wayar USB. Na soka, fitilarta ta kama, amma ban ga komai a allon ba.
*Ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano*

Alhaji, kai taka mai sauƙi ce, kuma kai ne ka fi kowa dacewa da abin da sauran suke nema. Allonka kwamfuta ce ƙarama, kamar babbar wayar hannu da aka dasa a dashbod, kuma irin wannan kyamarar dominsa aka yi ta. Abin da ya rage shi ne manhajarta. Yawancinsu da manhajar suke zuwa a cikin cikinsu. Soka ta, ka buɗe wajen da allon ke nuna fayiloli, za ka ga kyamarar ta fito kamar filashi. A ciki akwai fayil da sunansa ya ƙare da apk. Danna shi, allon zai nemi izinin girka manhaja daga waje, ka ba shi. Daga nan hoton zai fito.

Idan bai fito ba, canza rami. Waɗannan allunan suna da wayar USB biyu ko uku da ke fitowa ta baya, kuma ba duka ne ke ɗaukar kyamara ba. Kada kuma ka ƙara mata tsawo da wayar caji ta ɗari biyar, wuta za ta ragu a hanya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa.

Abu biyu nake so ka riƙe. Katin memori a jikin kyamarar ake sa shi, ba a allon ba, kuma idan babu kati za ka ga hoto tar a allo alhali ba a ajiye komai. Na biyu, wutarta daga allon take zuwa. Ka kunna mota, allon yana ɗaukar lokaci kafin ya farka, kuma ranar da ya sandare ko ya sake kunna kansa, irin yadda masu ƙaramin ƙarfi suke yi idan sun yi zafi, kyamarar na iya tsayawa tare da shi. Yawancin waɗannan 'yan USB ɗin kuma da dare ba sa gani sosai, ko me aka rubuta a kwalinsu. Da rana a cikin gari ta isa. Idan kana yawan tafiyar dare zuwa Legas ko Onica ɗauko kaya, ƙara wata mai zaman kanta.

Za ka ga an rubuta maka cewa tana gargaɗi idan ka kauce daga layinka ko ka matse wa na gaba. Kashe wannan. A titin da fentin layi ya goge, ƙara kawai za ta dame ka da ita.

Motata tana da CarPlay. Kyamarar da na saya tana da Wi-Fi, ina kallon hotonta a wayata. Me ya sa idan na jona wayar da mota manhajar kyamarar ba ta fitowa a allon?
*Ma'aikaciyar banki, Kaduna*

Hajiya, ba laifin wayarki ba ne, ba kuma na motar ba. CarPlay na Apple da Android Auto na Google ba sa kwafe duk abin da ke fuskar waya su ɗora a allo. Irin manhajojin da aka yarda da su kawai suke bari, kamar taswira, kira, saƙo da sauti, saboda kada hankalin direba ya rabu. Manhajar kallon kyamara ba ta cikinsu. Mutane da yawa kuma suna rikita Android Auto da allon Android irin na Alhajin da ke sama, alhali abu biyu ne daban. Nasa kwamfuta ce mai cin gashin kanta, naki kuwa taga ce da wayarki ke leƙowa ta ciki.

Ga wani abin da zai iya ba ki haushi nan gaba: idan CarPlay ɗinki marar waya ne, shi ma da Wi-Fi yake aiki, sai su riƙa ƙwace wayar tsakaninsa da kyamarar. Idan za ki sauke bidiyo, tsaya a gefe, cire wayar daga CarPlay, ki shiga Wi-Fi na kyamarar, ki gama ki koma.

Tun da aka sa mini kyamara, duk ranar Litinin sai an tura motata. Batirin bai shekara biyu ba.
*Ma'aikacin jinya, Sakkwato*

Ƙanena, an jona maka ita a wutar da ba ta mutuwa, kuma babu mai tsaron batir a tsakani. Lissafin a fili yake. Kyamara tana jan kusan kashi uku cikin goma na amfiya ɗaya. A dare ɗaya ba wani abu ba ne. Amma daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin awa 60 ne, ka ga ta sha wajen amfiya-awa 18. Batirin ƙaramar mota mai amfiya-awa 60, ko yana sabo, an cinye kusan sulusinsa ke nan, balle wanda ya sha zafin Sakkwato na kusan shekara biyu.

Mafita iri biyu ce. Idan ba ka buƙatar ta yi gadi bayan ka kashe mota, a mayar da ita kan wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli. A yawancin motocin Japan ramin kunna sigari haka yake, amma wasu motocin Turai da na Amurka nasu ba ya mutuwa, don haka a gwada da mita, kada a yi zato.

Idan kuwa kana so ta yi gadi, sai ka sayi wayarta ta musamman mai ƙafa uku: ɗaya ta wuta mai ɗorewa, ɗaya ta wutar makulli, ɗaya ta bodi. A jikinta akwai ɗan akwati da ke sauke bolt 12 zuwa 5 da kyamarar ke ci, kuma shi ne ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Za ka ga lambobin bolt ɗin da zai yanke wuta a kai, kamar 11.8, 12.0, 12.2 da 12.4. Cikakken batir yana kan 12.6. Ni a 12.2 nake sa wa mutane, idan batirin ya kwana biyu kuma 12.4. Wanda ya sa 11.8 zai sami ƙarin awannin ɗauka, amma da ran batirinsa yake biya.

Ka tsaya a kan mai aikin ka ga abu uku da idonka. Ya karanta rubutun da ke jikin wayoyin, kada ya bi kala. A al'adar rediyon mota, ruwan ɗorawa ce mai ɗorewa, ja ce ta makulli, amma wasu kamfanonin kyamara sun juya su, kuma na sha karɓar motar da wannan kaɗai ne ciwonta. Ya ɗauki wuta daga akwatin fis da abin jonawa mai ɗaukar fis biyu, kada ya tura tsirarar waya a ƙafar fis, kada kuma ya kusanci fis ɗin burkin ABS, ko na jakar iska, ko na kwamfutar injin. Sannan idan zai saukar da wayar ta ginshiƙin da ke gefen gilashi, ya bi da ita ta bayan jakar iskar da ke naɗe a wurin. Wayar da aka gitta ta gabanta za ta iya hana ta buɗewa daidai a ranar da ake buƙatarta. Direbobin tirela da ke karanta wannan shafi, motarku bolt 24 ce, ku duba a rubuce cewa wayar tana ɗaukar 24 kafin a jona.

An buge ni ta baya a shataletale, mutumin ya ce ni na yi ribas. Na cire kati don in nuna wa jami'an da suka zo, sai na tarar bidiyon ƙarshe na wata uku da suka wuce ne. Kullum kuwa ina ganin hoto a allo.
*Direban haya, Katsina*

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin irin wannan ta taɓa faruwa da wani direba da ni da hannuna na sa wa kyamara na jona masa a allo. Aikin ya yi kyau, ya tafi yana murna. Ban zaunar da shi na koya masa duba kati ba. Bayan watanni ya dawo da gaban mota a lotse, yana riƙe da kati wanda babu komai a ciki, aka ɗora masa gyaran mota biyu. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na sallamar mota sai mai ita ya buɗe bidiyo da kansa a gabana.

Hoton da kake gani a allo daga idon kyamarar yake zuwa kai tsaye, bai bi ta kati ba. Shi ya sa kati zai mutu allo yana ta nuna hanya. Wannan ne ma babban abin da ya sa nake sanyaya wa mutane gwiwa a kan jona allo: yana sa mutum ya saki jiki.

Abu uku ke jawo irin taka. Na farko katin jabu. An rubuta 64GB, ainihin cikinsa bai kai haka ba, ya cika ya ci gaba da nuna kamar yana karɓa. Na biyu, katin gaske amma na waya. Kyamarar mota rubutu take yi tana gogewa ba hutu, a cikin zafi. A 1080 tana cin wajen 6GB zuwa 8GB a awa, ka ga kati mai 64 yana cika a awa takwas zuwa goma, sai ta koma farko ta bi ta kan tsohon. Direban haya kullum sai ya zagaye katin. Akwai katin da aka yi don wannan wahalar, SanDisk da Samsung duk suna yi, za ka ga kalmar Endurance a jikinsa. Ya fi tsada, shi za ka saya, a shagon da za ka iya komawa.

Na uku shi na fi zargi a taka. A cikin kyamarar akwai abin da ke jin girgiza. Idan ya ji bugu, sai ya kulle bidiyon wannan lokacin don kada a goge shi. An yi shi ne don haɗari, amma bai san bambancin haɗari da ramin titi ba. A hanyoyinmu, idan an bar shi a mafi saurin ji, kowane rami sai ya kulle fayil, a 'yan makonni kullallun su cika wurin, wasu kyamarorin su daina ɗauka gaba ɗaya. Shiga saiti ka mayar da shi mafi ƙasa.

Daga yau, duk farkon wata ka goge katin daga cikin saitin kyamarar kanta, duk Juma'a kuma ka buɗe bidiyon ranar ka gani. Duba kwanan wata da agogo su ma. Idan kullum suna komawa wata tsohuwar shekara, ɗan batirin cikinta ya mutu. Zafin da ke taruwa a bayan gilashi a rana yana kumbura masu batirin lithiyam, don haka idan za ka sake saye, nemi mai kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta mai jure zafi, a madadin batir. Sannan ka ƙara ta baya, domin a irin rigimarka ita ce ganau, kodayake ta gaban ma da tana aiki da ta nuna motarka a tsaye take lokacin da aka ji bugun.

Ranar da wani abu ya faru, Allah ya tsare, kashe kyamarar kafin ka zare kati, ka kwafe fayil ɗin a waya ko kwamfuta, ka adana katin yadda yake. Kada ka yanke bidiyon, kada ka miƙa katin ga abokin rigima. Idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka samo bidiyon. Lauya zai tsara maka wannan, naka shi ne asalin fayil ɗin ya kasance a hannunka.

Wai akwai motocin da suke zuwa da wannan kyamarar a jikinsu, har ka kalli bidiyon a allonsu?
*Ɗalibi, Maraɗi*

Akwai, ɗana. Tesla ta fara a 2018, tana amfani da kyamarorin da ke jikin motar, tana ajiyewa a filashin da ka soka mata, daga baya kuma ta ƙara damar kallo a allon idan mota tana tsaye. BMW ta kawo nata a 2019, amma gajere ne: a lokacin daƙiƙa 40 ne iyakarsa, 20 kafin bugu, 20 bayansa. Hyundai da Kia su ma suna sa wa wasu motocin da suke sayarwa a Koriya ta Kudu.

Kada ka ɗauka duk motar da ke da kyamara tana ɗauka. Tun watan Mayun 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a kan sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa 'yan Kwatano na baya-bayan nan kusan duk suna da ita, amma nunawa kawai take yi, ba ta ajiye komai. Ita ma wadda ke saman gilashi a bayan madubi a sababbin motoci, aikinta lura da layi da taka burkin gaggawa ne, kuma a yawancinsu babu hanyar da za ka ciro bidiyo daga gare ta. Idan za ka liƙa taka a irin wannan motar, matsar da ita gefe kaɗan, kada ta tare wa ta kamfanin ido.

Masu tambaya a kan fitilun LED da ke sa rediyo shuu, na ga saƙonninku, da su za mu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku riƙa rubuto ƙirar mota da shekararta.